Jakar Maganin Auta

Litinin, da hantsi, a shago

Gaskiya masu hawan duwatsu mutane ne masu hikima, dole in yaba musu. Mu masu ƙaramin tunani in muka samu hutu sai mu nemi inuwa mu miƙe ƙafa. Su kuwa sai su goya gidansu a baya kamar kunkuru, su bar famfo da katifa da fanka, su tafi inda babu kowa don su sha ruwan da biri ya wanke fuska a ciki. Kuma biya suke yi. Na tsufa a kasuwa ina sayar da takalman gwanjo, ban taɓa sayar wa mutum wahala ya yi mini godiya ba. Wanda ya ƙirƙiro wannan sana'a ya fi ni iya ciniki, na sara masa.

Auta ya shiga cikinsu. Ƙanena, wanda ya dawo hannuna tun ranar da muka rasa Inna, yanzu ga shi da gemu da aikin ofis. Jiya ya shigo da taswira, ya shimfiɗa ta a kan teburin cin abinci, ya danne gefe da kwalbar gishiri. Ya nuna mini wani jan layi da ya ratsa cikin kore. Makonni za su yi a ƙafa. Ba gari, ba asibiti, ba sabis ɗin waya.

Na ce, "Ina ne kemis a nan?"

Ya ce, "Yaya, daji ne fa."

"To ina ne gadon da za ka kwanta in abin naka ya tashi?"

Ya naɗe taswirarsa.

Ban ce kar ya je ba. A kasuwa ba a ce wa mai saye a'a. In ba ka son rabuwa da kaya, sai ka ɗora masa farashin da zai sa ya tuna yana da uzuri a wani wuri. Na ce, "Allah ya kiyaye hanya. Jakar magani kuwa ni zan haɗa maka." Ya yi mini irin kallon da ake yi wa sikelin da ba a yarda da shi ba. Ya ce to.

Talata, bayan azahar

Na je wurin Mai Kemis a ƙarshen layinmu. Mutumin nan ya san jikin Auta fiye da na 'ya'yansa, don tun yaron na tatata a gaban kantarsa muke ƙarewa.

Na ce, "Ka ba ni maganin duk abin da zai iya samun mutum a daji."

Ya cire tabarau. "Har da zaki?"

"In kana da shi sa mini biyu."

"Wa zai je dajin?"

Na faɗa masa. Ya mai da tabaransa, ya daɗe yana goge kantar da ba ta yi datti ba. Sannan ya fara sauko da kaya. Maganin kashe zafi, mai sauƙi da mai ƙarfi. Na zazzaɓin sauro, na gudawa. Ƙullin gishiri da sukari. Ƙwayar da ake jefawa a ruwan rafi kafin a sha. Bandeji, filasta, auduga, ɗan almakashi, ma'aunin zafin jiki. Da 'yan ƙwayoyin nan rawaya da yake haɗiya kowace safiya tun kafin ya iya ɗaura igiyar takalmi.

Ya ce, "Wannan ya ishi mai lafiya."

Na ce, "To ninka."

"Hajiya, jaka zai goya ko amalanke zai tura?"

Na ce shi dai ya ninka.

Laraba, da safe

Idon Auta fari ne yau, ba rawaya. Ya ci abinci.

Alhamis, rana tsaka

Zafi ya kori masu saye. Na jingina da dilar da ban kwance ba, barci ya ɗan fizge ni. Sai na ga takalman shagon duka sun sauko daga kan katako, sun jeru, sun fita ta layin masu robobi. Ba ƙafar kowa a ciki. Na maza a gaba, na mata masu tsini suna ƙwas-ƙwas a baya, 'yan na jarirai suna gudu kar a bar su. Titin ya ɗaga ya zama hawa, hawan ya zama dutse, gajimare ya sauko har gwiwa. Ina ta kiransu da lambobinsu. Ba wanda ya juyo.

Mai neman silifas ne ya tashe ni.

Kowane takalmin gwanjo da tafiyar wani a cikinsa. Akwai wanda dunduniyarsa ta cinye ta waje, ka san mai shi kullum cikin sauri yake. Akwai wanda bakinsa ya goge, mai shi direba ne. Akwai kuma wanda ko ƙasa bai taɓa ba, an saya an ajiye don wata rana da ba ta zo ba. Irin waɗannan ba na son taɓa su. Akwai ɗaya a ƙarƙashin gadon Auta, baƙi mai sheƙi, har yanzu a kwalinsa. Ni na zaɓa masa don ranar aurensa, lokacin da yake yi wa ɗakin baya shuɗin fenti yana waƙa da muryarsa mara daɗi. Kafin sakamakon gwajin jinin nan na masu shirin aure ya fito, gidan su yarinyar su aiko kawunta da ban haƙuri.

Ba zan rubuta wannan ba. An wuce wurin.

Asabar, da yamma

Jakar ta fara yin jiki. Na ƙara mata robar ruwan zafi ta gasa ƙashi, bargon ulu, man zafi babbar kwalba, safa mai kauri, hular sanyi, wani maganin tarin da kwalbarsa kaɗai ta isa a jefi kare. Har da ledar ƙarin ruwa da allurarta. Mai Kemis ya ce ba wanda zai iya sa masa ita a can. Na ce ba a sani ba, ko a ci karo da nas tana kiwo.

Maigida ya dawo daga gyaran firjinsa, ya ɗaga jakar da hannu ɗaya, ya kawo na biyu, ya ajiye.

Ya ce, "Uwargida, asibitin za ki aika daji, ko yaron za ki hana tashi?"

Na ce magani ba ya yawa.

Ya ce, "Firji ma in kin cusa masa kaya da yawa ba ya sanyi."

Shi komai na duniya firji ne. Ranar da zan mutu cewa zai yi gas ɗina ya ƙare.

Lahadi, da hantsi

Ban ce kar ya je ba. A shaida.

Talata, da safe, a shago

Na kwance sabuwar dila. A tsakiya sai ga su: takalman hawan dutse na gaske, fata mai kauri, wuyansu ya rufe idon sawu, ƙasansu kamar tayar babbar mota. Lambar Auta cif. A tsagin ƙasan akwai busasshiyar laka, fara-fara, ba irin tamu ba. Na ɓantaro kaɗan na murza, na shinshina. Ƙamshin ruwan sama ne a wani wuri da ban taɓa zuwa ba. Na daɗe riƙe da su a cinya. Na ga wani mutum zaune a kan dutse yana kwance igiya, iska na kaɗa rigarsa, duniya duk ta ƙanƙance a ƙarƙashinsa, ba wanda ke tambayarsa ko ya sha magani.

Kafin azahar na sayar da su ga maigadin banki. Ko tayawa bai gama ba na ce ya ɗauka. Ya tafi yana waiwaye, yana jiran in kira shi in ce kuskure na yi.

Alhamis, da sassafe

Auta ya sayo nasa takalman a babban kanti, masu kyan gani, irin waɗanda aka yi don ɗaukar hoto. Kowace safiya kafin ofis yana goya jakar ya hau benen nan da ba a gama ginawa ba a bayan gidanmu, ya sauko, ya sake hawa. Ta tagar kicin nake hango shi, yana ɓullowa yana ɓacewa a tsakanin ginshiƙai kamar wanda ake nunawa a mafarki. Yau ya dawo yana ɗingishi. Bororo a dunduniya biyu, ɗaya ya fashe. Ciwon ƙafa kuwa a jikinsa ba ya saurin tafiya.

Na zaunar da shi, na wanke, na ɗauko filasta daga cikin jakar.

Ya ce, "Yaya, ba kya samun irin na hawan dutse a dila?"

Na ce, "Ba sa zuwa."

Da ya shiga wanka na cusa wa takalman jiƙaƙƙiyar takarda don su saki, na goge dunduniyarsu da kyandir ta yi laushi. Hannuna ne ya yi, ban aike shi ba.

Juma'a, da safe

Fari ne.

Asabar, bayan la'asar

Yau Jagoransu ya auna jakunkunan kowa. Auta ya dawo ya zube tasa a tsakiyar falo. "Ya ce in rage rabi."

Ya zauna a ƙasa yana warewa. Duk abin da ya ture gefe sai in turo shi da ƙafa.

"Bargon nan fa na mene ne?"

"Sanyi ke tayar maka da shi."

"Ina da jakar barci, ana shiga a zuge."

"Jakar barci ba ta san ka ba. Bargon nan ya san ka."

Ya ɗaga kwalbar maganin tari. "Yaushe rabon da in yi tari?"

"Shi ya sa. Ya taru yana jiranka."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Yaya, a shagonki na girma. Haka kika yi wa matar nan da ta so jan takalmin da kike so wa kanki. Kika yi ta hawa har ta ce za ta je ta dawo."

"Ai ta samu wani a gaba."

"Ni ba wani a gaba. Kar ka yi gudu, kar ka shiga ruwa, kar ka yi ƙwallo, zauna a inuwa. Duk na bi, ko sau ɗaya ban saɓa ba. Me aka ba ni?" Ya dubi ƙofar ɗakin baya, ya ɗauke kai.

Na sunkuya ina tattara auduga. Na ce, "Me Jagoran ya ce da ya ga allura?"

"Bai buɗe ba. Aunawa kawai ya yi."

"Amma ka faɗa masa yadda jikinka yake?"

Ya ci gaba da naɗe bandeji. Ya naɗe shi tsaf, ya warware, ya sake naɗewa.

Lahadi, da rana

Bai faɗa wa Jagora ba. Na wuni ina juya maganar a baki kamar alewa.

Litinin, da asuba

Ruwa ya kama shi jiya a kan benen. Ɗazu na ji ƙarar butar lantarki a kicin, na ji ana takawa a hankali, irin takun mai gudun kar ƙashinsa ya ji. Na san wannan takun ko a cikin taron kasuwa. Na leƙa. Yana zaune a kan kujera, ya rungume robar ruwan zafin da ya ce ba ya bukata, haƙora a datse, yana shan ruwa kofi bayan kofi. Ya haɗiyi ƙwaya, ya dubi agogo, ya rufe ido yana jan numfashi sannu sannu.

Bai kira ni ba. Da can ko juyi ya yi sai ya ce Yaya.

Na koma na kwanta ina kallon silin. Na tuna ɗayan ƙanen nawa, wanda ke tsakanina da shi a haihuwa. Shi ma ruwan sama ne ya tayar masa da nasa, muka rasa shi.

Da gari ya waye ya fito da rigar ofis a goge. Gefen idonsa ya ɗan yi rawaya.

"Ina kwana, Yaya."

"Lafiya lau. Ka tashi lafiya?"

"Ƙalau."

Mu biyu duk mun iya ciniki.

Talata, bayan azahar

Ruwa na dukan kwanon rumfa tun safe, ba mai saye. Na rufe ido sai ga ni a ɗakin marasa lafiya, wanda muka fi kwana a cikinsa fiye da gidan dangi. Amma ƙarafan rataye ledar jini duk sun yi ganye. Gadaje sun zama duwatsu masu gansakuka, rafi na gudu ta ƙarƙashinsu. Nas ta wuce da fitila a goshi. Na duba gadonsa na gefen taga, ba ya nan, sai zanin gado a naɗe. Wani ya nuna mini sama. Na ɗaga kai ban ga komai ba sai tsuntsaye, kuma abin mamaki ban ji tsoro ba. Wannan ne ya tsorata ni da na farka.

Gobe zan je wurin Jagora.

Laraba, da yamma

Shagonsa na bayan tashar mota, yana gyaran kekuna yana ba da hayar tanti. Wani dogo ne busasshe kamar an shanya shi an manta. Na ɗora jakar a kan teburinsa, na zuge, na jera masa komai kamar ranar kasuwa.

Ya ce, "Hajiya, wannan na wane ne?"

"Na ƙanena, wanda ka ce ya rage rabi."

Ya goge baƙin mai a wando, ya ɗauki ƙwayoyin rawaya, ya juya kwalin mai ƙarfin, ya dubi ledar ruwa. Ya ce, "Sikila gare shi?"

Ga shi na rubuta. Shi ya faɗa, ba ni ba.

Na ce e. Na ji kamar na sauke dila daga ka.

Ya ce, "To ai magana ta ƙare. Na gode da kika zo." Da ya tsaya nan da na yi masa addu'a na kwashe kayana. Sai ya ƙara. "Dama na ga alama. Siriri ne, ba ƙwari. Irin waɗannan ba sa kai ko'ina, kafin a yi nisa sun zame wa mutane kaya. Gara ya zauna a gida a riƙa lallaɓa shi."

Duk wanda ya zauna a kasuwa ya san abin da ke faruwa in mai saye ya ɗaga kayanka da yatsa biyu ya taɓe baki. Ba ka samun damar shawara da bakinka.

Na ce, "Irin waɗanne? Malam, ka taɓa jin ƙashinka na tsagewa daga ciki kana zaune kana rubuta jarrabawa? Shi ya ji, kuma ya ci. Cikin ƙartan naka wa ya san ruwan da jikinsa ke bukata ba sai an tuna masa ba? Wa ke jin ciwo tun yana nesa, kamar yadda ake jin ƙamshin hadari, ya tare shi a hanya? Shekaranjiya abin ya taso masa, shi kaɗai ya kwantar da shi a kicin da buta da agogo, da safe ya tafi aiki. Jakar nan da ka ce ta yi nauyi, kullum sai ya hau bene da ita da bororo a ƙafa. Kai dai ka ce ba ka san kaya ba. Masu tumbin nan naka su za su fara zubewa, shi zai tsaya a kansu yana dama musu gishiri da sukari."

Na yi ta yi. Har na ɗaga robar ruwan zafi ina nuna masa kaurinta, kamar ita ma na kawo ta talla.

Ya bari na gama. Ya ja kujera ya zauna. Ya ce, "Hanya biyu ce. Ta kan tsauni, wannan ko kuka za ki yi ba zan kai shi ba, iska ta yi ƙaranci a can. Akwai ta kwari. Ta fi tsawo, amma tana ratsa wuraren da mota ke iya shigowa, kuma ina da wayar da ke kamawa a daji. In likitansa ya yarda, in shi kuma ya zo ya faɗa mini da bakinsa, zan duba. Tunda har an yi masa shiri haka. Kayan kuma ba sai shi kaɗai ya ɗauka ba, a raba wa kowa."

Na ce yauwa, yanzu ka yi magana. Har hannu na kusa ba shi.

Sai da na kai bakin titi na tsaya da jaka a ka. Na je mayar da kaya, na dawo na sayar.

Alhamis, da yamma

Jagora ya kira Auta. Bai ci abincina ba.

Juma'a, da safe

Na ba Maigida labari. Ya yi dariya har ya zauna a kan akwatin aikinsa. Ya ce, "Da kin aike ni. Ni da e kawai zan ce in dawo." Na ce ya tafi firjinsa na jira.

Ban ga idon ba yau. Bai bari mun haɗa ido ba.

Asabar, da la'asar

Ina wanke takalma a tsakar gida ya zo ya tsaya a kaina.

"Kin je ki tona ni."

"Na je."

"Ba ki da hurumi, Yaya. Jikina ne."

"Na sani."

Ya tsuguna ya ɗauki buroshi, ya jawo ƙafa ɗaya yana gogewa yadda na koya masa, daga dunduniya zuwa baki. Can ya ce, "Wai kin ce ni zan dama wa masu tumbi gishiri da sukari?"

"Maganar ciniki ce. Ba a riƙe mutum da ita."

"Kin faɗa ko ba ki faɗa ba?"

"Sa shi a rana, kar ka jingina shi da bango."

Ya sa shi a rana. Da magariba ya cinye kwano guda ya nemi ƙari.

Litinin, da hantsi, a asibiti

Sauran fatana Likita. Ta san shi tun tana sabuwar zuwa, ta sha ganinsa a yanayin da ba na son tunawa. Na zauna ina jiran ta yi mini aikin da bakina ya ɓata.

Ta duba sakamakon jininsa, ta ji ƙirjinsa, ta sa ya sake shimfiɗa taswirar. Ta ce, "Ban ce babu haɗari ba. Akwai." Ta ce ta kwari kaɗai, ban da tsauni. Ban da wanka a rafi mai sanyi. Ya sha ruwa ko ba ya jin ƙishi. In zazzaɓi ya zo, ko ƙirji ya riƙe, ba jarumta, a kira mota nan take. Ta cire ledar ƙarin ruwan daga jaka ta miƙo mini, ta rubuta wani maganin da babu a ciki.

Sannan ta ce, "Ka ji duka. Za ka je?"

Shi ta tambaya. Duk tsawon zaman nan shi take kallo. Ni ina gefe da leda a cinya kamar wadda ta rako maƙwabci.

Ya ce zai je.

Laraba, rana tsaka

Yanzu aikin ya juya, ragewa nake yi. Na fitar da ƙwayoyi daga kwalaye, na bar su a takardarsu mai suna da ranar lalacewa, na ɗaure kashi-kashi a 'yan ledoji masu zif kar ruwa ya shiga. A bayan kowace na rubuta da babban baƙi abin da take yi da yadda ake sha, yadda ko mai rawar hannu zai karanta da tocila. Man zafi na juye a ƙaramin gwangwani. Maganin tari ya koma wurin Mai Kemis, ya karɓa yana murmushi, na ce in ya yi magana zan fasa masa tabarau.

Bargon dai na naɗe shi tamau da igiyar takalmi. Ba wanda ya isa.

Alhamis, da yamma

Sun zo falona karɓar rabonsu. Jagora, da wani malamin lissafi, da wata mai ɗaukar hoto, da sauransu, har da mai tumbin da ban san da shi ba lokacin da na yi maganar. Ashe Jagora ya ba su labari. Mai tumbin yana shigowa ya ce, "Yaya, ni ne wanda zai fara zubewa. Ina nawa sukarin?"

Na ba shi robar ruwan zafi ya ɗauka, tunda shi ya fi faɗin baya.

Na koya musu abin da na ɗauki shekaru ina koya. In ya yi shiru fiye da kima, ku duba shi. In ya fara taka ƙasa kamar ƙwai ne a shimfiɗe, ku tsaya ku ɗora ruwa. In ya ce ƙalau, ku sake tambaya. Auta na tsaye a bakin ƙofa yana cewa, "Yaya, ina nan fa, ina ji." Malamin lissafi har rubutawa yake.

Da suka tafi na ga abin a idona: asibitina a rarrabe a bayan mutanen da ban sani ba, yana tafiya a jere cikin ciyawa, bandeji a gaba, ma'aunin zafi a tsakiya, ruwan zafi yana haki a baya.

Asabar, da sassafe

Motar ta tsaya a bakin layi. Ya goya jakar, ta zauna masa daidai. Na matsa kusa, sai ya ja fatar idonsa ƙasa da yatsa da kansa. "Duba ki ƙoshi."

Fari ne tas.

Maganar "kar ka je" na nan a maƙogwarona, ta hau har bayan haƙora. Na san in na faɗa da muryar da Inna ke faɗa, zai sauke jakar. Shi ma ya sani. Ya tsaya yana jira, bai gudu ba.

Ya ce, "Ki ce wani abu mana."

Na ce, "Ka riƙa canza safa."

Litinin, da rana

Saƙo ɗaya: sun bar mota, yana shan ruwa, mai tumbi ya fara tambayar ko da sauran nisa. Daga nan sabis ya ɗauke.

Alhamis, da asuba

Na farka ina sauraren buta. Ba komai sai firji.

Asabar, bayan azahar

Ba labari. Jagora ya ce in ban ji wayarsa ba, lafiya ke nan, don haka yanzu shiru nake roƙo, ni da ban taɓa shiri da shiru ba. Wayar na aljihun zanina, ina taɓa ta kamar mai ciwon haƙori da harshe.

Na rufe shago da wuri ban san dalili ba. Ƙafata ta kai ni ƙarshen layi, na tsinci kaina a gaban kantar Mai Kemis.

Ya ce, "Hajiya, yau me za a ba ki?"

Na buɗe baki in lissafo kamar kullum, sai na ga ba wanda zan saya wa. Na bi kantocin da kallo daga ƙasa har silin. Na ciwon kai, na ciwon ciki, na mai tafiya, na mai kwance, na jariri, na tsoho, har na kaji yana da shi a lungu. Ya jawo mini kujera, na zauna, ya ci gaba da sallamar mutane.

To ita wadda aka bari a gida da lafiyarta ƙalau da hannu biyu ba abin riƙewa, wace ƙwaya ake ba ta, kuma kafin abinci ake sha ko bayan abinci?